Daga Jakar Wasiƙu: Shin Da Gaske Akwai Gidan Da Daɓensa Ke Ba Da Ɗumi?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ƙauye kusa da Saminaka a Jihar Kaduna, daga hannun wani manomin masara wanda kuma yake taɓa fataucin hatsi. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan gidan rediyo, sai ya ce: "Ɗan ƙanena da ke karatu a ƙasar Koriya ta Kudu ya zo hutu, ya ba mu labarin wai a can ba a jin wuta da sanyi, daɓen ɗaki ne da kansa yake yin ɗumi, har mutum ya kwanta a ƙasa alhali ƙanƙara na zuba a waje. Shin gaskiya ne, ko kuwa daɗin baki ne irin na yara? In gaskiya ne, yaya ake yi? Na sayar da masara da bijimai biyu zan tayar da gini, ga kuma tsohuwata da sanyi ke wahalarwa duk hunturu, ba ta iya barci sai an kai mata kaskon gawayi ɗaki. Ko zan iya yi mata irin wannan daɓe?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka, Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Da farko dai ka wanke yaron nan, bai yi maka daɗin baki ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne, domin kuwa mutanen Koriya sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwana a kan daɓe mai ɗumi tun ba a san wutar lantarki ba. Amma tunda ka ce guminka na shekara za ka zuba a wannan gini, ba za mu tsaya a kan "i, gaskiya ne" kaɗai ba. Za mu bi abin daki-daki, mu ga yadda yake aiki, da yadda masu shi suke gina shi, sa'an nan mu dawo gida mu duba ko ya dace da kai. Akwai kuma wata magana a cikin wasiƙarka wadda ta fi batun ginin damuna, wato kaskon gawayin nan na ɗakin Inna. Za mu zo kanta a ƙarshe, kuma ina roƙon kowa da kowa ya karanta har can.

HANYOYI UKU DA ZAFI KE BI

Can baya da nake koyarwa a firamare, nakan ce wa yara zafi matafiyi ne, kullum daga wuri mai zafi yake tashi ya nufi wuri mai sanyi, kuma hanya uku gare shi.

Hanya ta ɗaya ita ce ta taɓawa. Ka bar cokalin ƙarfe cikin kofin shayi, jim kaɗan sai ka ji hannunsa ya ɗau zafi. Hanya ta biyu ita ce ta iska. Iska in ta yi zafi sai ta rage nauyi ta tashi sama, mai sanyi kuma ta gangaro ƙasa. Shi ya sa hayaƙi ke yin sama. Hanya ta uku ita ce ta huci. Ka wuce ta gindin katangar da rana ta wuni tana duka, ko bayan magariba ne, za ka ji ɗumi yana bugun fuskarka alhali ba ka taɓa ta ba. Haka falalen dutse yake yi a daji, manoma da makiyaya sun san wannan.

To, kaskon wuta ɗan ƙarami ne mai zafin gaske. Wanda ya matsa kusa da shi gabansa ya gasu, bayansa kuwa ɗari na cinsa, mafi yawan zafin kuma ya bi iska ya taru can wajen rufi inda ba kowa. Daɓe mai ɗumi kuwa akasin haka ne. Faɗi gare shi, ɗuminsa kuma kaɗan ne, amma ta ko'ina yake fitowa, ta hanyar huci da ta taɓawa, kuma daga ƙasa inda ƙafar mutum take. A Turai ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kada fuskar daɓen ɗakin zama ta wuce digiri 29 a ma'aunin santigireti. Ka tuna zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ka ga ke nan ba ƙuna ake ji ba, ɗumi ne kamar na tabarmar da wani ya tashi daga kanta yanzun nan. Kuma duk wanda ƙafarsa ta yi ɗumi, jikinsa gaba ɗaya yakan sake.

DABARAR MUTANEN KORIYA

A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, cikin watan Janairu ruwa daskarewa yake yi a waje. Da dare ma'auni kan sauka digiri 5 ko 6 ƙasa da sifiri, wani lokaci har 10 ko fiye. Wannan irin ɗari shi ya koya wa kakanninsu dabarar da suke kira ondol, wasu kuma su ce gudul, wato gasasshen dutse.

Ga yadda suke yi a gidajen gargajiya. Murhun girki yana madafa, a jikin bangon ɗakin kwana ta waje, kuma an yi shi ƙasa-ƙasa da daɓen ɗakin. A ƙarƙashin ɗakin sai a ja layukan gini gajeru, tsakaninsu a bar kwari, kamar dai yadda ka san kunya da kwarinta a gona. A kan waɗannan layuka sai a jera falalen duwatsu, a shafe su da laka sosai, a daɓe, sa'an nan a liƙe saman da takarda mai kauri wadda aka shafa wa mai. A can ɗaya ƙarshen ɗakin kuma, ta waje, sai a tayar da doguwar mafitar hayaƙi. Idan uwargida ta hura wuta za ta dafa shinkafa, zafi da hayaƙi ba sa watsewa a banza, sai su bi ta waɗannan kwaruruka, su gasa duwatsun, kana hayaƙin ya fita ta ɗaya gefen. Dutse kuwa in ya sha zafi ba ya saurin sakinsa, don haka wutar girkin dare takan riƙe ɗaki har asuba. Itace ɗaya, aiki biyu.

Wurin da ya fi kusa da murhu shi ya fi ɗumi, kuma a al'adarsu dattawa da baƙi ake bar wa shi. Saboda wannan daɓe ne ma suka saba da cire takalmi a bakin ƙofa, da zama a ƙasa a ci abinci, da shimfiɗa a ƙasa a kwanta, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu.

Sai dai fa abin bai zo musu kyauta ba. Ondol na cin itace, kuma saran itacen wuta, haɗe da ɓarnar yaƙin da suka yi daga 1950 zuwa 1953, ya bar duwatsun ƙasar tsirara. Sai da gwamnatinsu ta tashi haiƙan da shirin dashen itatuwa na shekara goma-goma daga 1973 kafin dazuka su dawo. A tsakanin nan jama'a suka koma ƙona wani curin kwal mai huje-huje da suke kira yontan. Nan kuma wata masifar ta ɓullo. Kwal ɗin ba ya hayaƙi sosai, amma yana fitar da iska mai guba, kuma duk inda daɓe ya tsage, ta nan take sulalowa cikin ɗaki mutane na barci. A shekarun 1960 da 1970 an yi asarar rayuka masu yawan gaske ta wannan hanya, wani lokaci iyali guda a dare ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka daina bin da hayaƙi ta ƙarƙashin ɗaki, aka koma bin da ruwan ɗumi cikin bututu. A yau kusan duk gidan bene na zama a Koriya ta Kudu da irin wannan daɓe ake gina shi, shi ne kuma wanda ɗan ƙanenka ya kwana a kai. A 2018 hukumar ƙasar ta sanya al'adar ondol cikin jerin kayan gadon ƙasa.

BA SU KAƊAI BA NE

Rumawa ma, kimanin shekara 2,000 da suka wuce, sun yi irin tasu. Sukan ɗora daɓe a kan gajerun ginshiƙai na jan bulo masu tsawon wajen ƙafa biyu, bayi na ta zuba itace a tanderu ta waje, iska mai zafi na zagayawa ta ƙarƙashi. Sun fi yin haka a gidajen wanka da gidajen masu hali. Har yanzu ana ganin kufan waɗannan ginshiƙai a garin Bath na Ingila, da kuma tsohon birnin Labda a bakin teku gabas da Tarabulus ta Libiya. A arewacin ƙasar Sin kuma manoma na da wani gadon bulo mai faɗi da suke kira kang, wanda hayaƙin murhu ke bi ta cikinsa, a kai ake zama, a kai ake kwana. In ka lura, ɗan uwan gadon ƙasar nan ne namu da ake sa wa wuta a ƙarƙashi domin mai jego ko tsoho.

Wani shahararren mai zanen gini na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya ci karo da irin wannan ɗaki na Koriya ne a Japan lokacin da ya je aikin wani babban otal a Tokyo. Abin ya burge shi, har a 1937 aka gina wani gida da ya zana a garin Madison da bututun ɗumi a cikin daɓe. Bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1947, aka gina gidaje sama da 17,000 a Levittown ta Jihar New York, aka binne bututun jan ƙarfe cikin simintin da yawa daga cikinsu. Da tafiya ta yi tafiya bututun ya riƙa cinyewa yana yoyo, masu gidaje da dama suka haƙura da shi. Abin bai tsaya da ƙafarsa sosai ba sai bayan da wani Bajamushe, Thomas Engel, ya gano hanyar yin bututun roba mai jure zafi da lanƙwasa a shekarun 1960. Irinsa ake amfani da shi yanzu.

YADDA AKE GINA SHI A YAU

Tun wajen aza harsashi ake shirya shi, ba bayan an gama gini ba.

Na ɗaya, a daidaita ƙasa a zuba kankare, a shimfiɗa leda mai kauri don kada danshi ya hauro.

Na biyu, a jera allunan wani farin soso mai tauri, irin wanda ake samu cikin kwalin sabon rediyo ko firij, kaurin inci biyu zuwa huɗu, har da gefen bango. Aikinsa shi ne tare zafi. In babu shi, ƙasar da ke ƙarƙashin gida ce za ta shanye ɗumin, mai gida na biyan kuɗi.

Na uku, a shimfiɗa bututun roba mai kaurin yatsa, a riƙa kai shi ana dawo da shi kamar mai huɗa da shanu, ko a naɗa shi kamar gammo, tazarar kamar taƙi guda tsakanin layi da layi, wato santimita 10 zuwa 30. Bari mu yi lissafi. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, wato wajen ƙafa 13 kowane gefe, murabba'in mita 16 ke nan. In tazarar santimita 20 ce, kowane murabba'in mita zai ci mita 5 na bututu. Ka ga ɗaki ɗaya ya cinye mita 80. Kuma ba a son haɗi a cikin daɓe ko ɗaya, bututun kowane ɗaki guda ne tun daga mafari har ya dawo.

Na huɗu, kafin a rufe sai a cika bututun da ruwa, a matse shi da ƙarfi, a bar shi a ga ko akwai inda ke tsiyaya. Sai an tabbata babu, sa'an nan a malala siminti da yashi kaurin inci biyu zuwa uku. A bar shi ya bushe kamar mako uku kafin a fara ɗumama shi, a hankali kuma, don kada ya tsage. Tayil ya fi dacewa a sama, domin kafet mai kauri danne ɗumin yake yi.

Na biyar, sai tukunyar ɗumama ruwa da ɗan injin da ke tura ruwan ya zagaya ya dawo, da na'urar bango da ke kashewa ta kunna da kanta gwargwadon ɗumin da aka zaɓa. A nan tsimin yake. Tsofaffin ƙarafan ɗumama ɗaki da Turawa ke kafawa a jikin bango sai ruwa ya kai digiri 60 zuwa 80 suke aiki. Shi kuwa daɓe, saboda faɗinsa, ruwan digiri 30 zuwa 45 ya ishe shi, wato ruwan wankan jariri ko sama da haka kaɗan. Wasu da gas suke ɗumama ruwan, wasu da hasken rana, wasu kuma da wani inji mai aiki kamar firij a juye, wanda ke zuƙo ɗumi daga iskar waje ko daga ƙarƙashin ƙasa ya zuba cikin ruwan. Irin wannan inji in ya ci awo ɗaya na lantarki yakan ba da awo uku ko huɗu na ɗumi, kuma ya fi yin ƙoƙari in ruwan da ake nema ba mai zafi sosai ba ne.

Aibinsa kuwa, nawa gare shi. Daɓen siminti na ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗau ɗumi, haka kuma kafin ya huce. Ba abin da za a kunna da dare ɗaya a kashe da safe ba ne, na mutanen da ke yin wata huɗu ko biyar cikin ɗari ne.

GIDA MAI TSIMI

Yanzu ga inda magana take. Duk kyan daɓe, in bango da rufi da taga suna zubar da ɗumin, to ɗiban ruwa ne da kwando. Turawa sun koyi wannan da tsada a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rage sayar musu da man fetur, farashi ya yi tashin gwauron zabo, suka sake jin jiki a 2022 da gas ya yi tsada bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren.

A 1991 a garin Darmstadt na Jamus, wani masani mai suna Wolfgang Feist ya gina gidan gwaji bisa tunanin da suka yi da wani malamin jami'a na Suwidin, Bo Adamson. Sun ɗauki gida tamkar fulas ɗin shayi. Fulas ba wuta a cikinsa, amma shayi na wuni da zafinsa, don kawai an toshe wa zafi hanyar fita. Suka lulluɓe bango da rufi da ƙarƙashin daɓe da abin tare zafi mai kauri, suka sa tagogi masu gilashi ruɓi uku, suka toshe duk wata kafa, suka fuskantar da manyan tagogi wajen rana, sa'an nan suka sa na'urar shigo da sabuwar iska wadda ke karɓe ɗumin tsohuwar iskar kafin ta fita. Ƙa'idar irin wannan gida ita ce kada ɗumama murabba'in mita ɗaya ya ci fiye da kwatankwacin lita ɗaya da rabi ta mai a shekara. Gida mai murabba'in mita 100 ke nan lita 150 ta ishe shi, ko durom ɗaya bai cika ba, alhali tsohon gida irin girmansa kan iya shanye ninkin haka har sau goma. Darasin dai shi ne, a fara toshe yoyo kafin a nemi ƙarin ruwa.

TO MU FA?

Malam, amsarka a gajarce ita ce, kada ka binne kuɗin bijimanka cikin daɓe. Sanyinmu na 'yan makonni ne tsakanin Disamba da Fabrairu, na dare da safiya kuma, in ka ɗebe wurare masu tudu irin su Jos da Mambila inda ya fi tsanani. Kayan aikin daga waje ake shigo da su, injin tura ruwan na son lantarki ba yankewa, in kuma bututu ya sami matsala sai an fasa daɓe an nemo wanda ya san aikin. Babban abokin gabarmu zafi ne, wanda daga Maris zuwa Mayu kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram. Abin farin ciki shi ne, fulas ɗin da ke riƙe shayi da zafi shi ne kuma ke riƙe ƙanƙara. Ginin da ya tare zafin bazara shi zai tare ɗarin hunturu. Ga inda ya kamata kuɗinka su tafi.

Bango. Kaurin bangon tubali na iyayenmu ba ado ba ne. Yakan wuni yana shan zafin rana bai bari ya shiga ɗaki ba, da dare kuma ya sake shi a hankali. Bulon siminti mai inci shida, mai rami a ciki, ba ya wannan aiki. In kana gudun yaɓe duk shekara, ka yi harsashin dutse da siminti ya hau sama da ƙasa, ka ɗora ginin ƙasa a kai, ka ba shi rufi mai baki ya kare shi daga ruwa. Akwai kuma bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji da ɗan siminti kaɗan. Da irinsa aka gina sabon masallacin Dandaji a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka gama a 2018, kuma 'yar ƙasar ce, Mariam Issoufou, ta zana shi tare da abokiyar aikinta.

Rufi. Kwano ba silin shi ne tanda da rana, firij da dare. In kwano za ka sa, ka tabbata ka yi silin, ka bar sarari tsakaninsu da ƙofofin iska ta gefe biyu, a sa musu raga saboda jemage da ɓera. Francis Kéré na Burkina Faso ya yi wa makarantar ƙauyensu Gando irin wannan a 2001, wato rufin ƙasa a ƙasa, kwano a ɗage can sama, iska na wucewa ta tsakani. In da hali, soron azara da aka ɗora wa kwano a sama ya haɗa amfanin biyun.

Fuska. Ka sa dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma, don rana ta sami ɗan wurin duka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka ƙofar ɗakin Inna ta dubi kudu ko yamma. Tagogi su kasance suna kallon juna, masu marfin katako da ke rufuwa ruf, a buɗe da zafi, a rufe da sanyi.

Launi da inuwa. Alhazai kan dawo suna cewa akwai bututun ruwan sanyi a ƙarƙashin filin ɗawafi. Hukumar masallacin ta bayyana cewa babu, farin marmara ne da ake kawowa daga tsibirin Tasos na Girka, wanda ke mayar da hasken rana maimakon ya shanye. Kai ma farar ƙasa ko farin fenti a bango da kwano zai rage maka zafi. Ka dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma da gida, da ɗan nisa saboda saiwa.

MAGANAR KASKON GAWAYI

Jama'a, a nan nake son ku ba ni hankalinku. Iskar da ta kashe mutanen Koriya ita ce dai ke fita daga garwashin gawayi, ita ce kuma ke fita daga janareto. Likitoci na kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farka. In aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa a kai. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Kada a ce ai gawayin ya ruru ya daina hayaƙi, a lokacin ma yana fitar da ita. Kuma ka lura, Malam, sabon ɗaki mai siminti da ƙofar ƙarfe ya fi tsohon ɗakin ciyawa haɗari, domin ba kafar da iska za ta fita. Abin da Inna ta saba yi shekara da shekaru ba abin da ya faru, a sabon gini yana iya zama ajali.

Saboda haka, in za a kai kasko, a kai shi da wuri ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Janareto kuwa kada ya kwana a ɗaki, ko zaure, ko shago a rufe, ko gindin taga. In an tarar da mutum ya galabaita, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari, a garzaya asibiti. Mutanen Koriya a da sukan ɗura wa irin wannan majiyyaci ruwan tsimin kayan lambu, kamar yadda mu ma ake ɗura madara ko manja. Duk ba magani ba ne, wanda ba ya cikin hayyacinsa ma yana iya shaƙewa.

Abin da za ka yi wa Inna kuwa ba ya bukatar bututu daga waje. Ka sa magini ya yi mata gadon ƙasa jingine da bango, amma ka ari dabarar ondol a gyara shi. Bakin wutar ya kasance ta waje, ba cikin ɗaki ba. Hanyar hayaƙi ta bi ta cikin gadon, ta fita ta ɗaya ƙarshen, ta waje, ta hau sama da rufi. A rufe saman da falalen dutse, a shafe da laka mai kauri. Kafin kowa ya kwanta a kai, a hura wuta da ɗanyen ganye, a shiga ɗaki da fitila a duba. Duk inda hayaƙi ya ɓullo a toshe, kuma a maimaita wannan gwaji farkon kowane hunturu, domin laka na tsagewa. Da kara ko ƙirare za a riƙa hurawa da yamma, ba da gawayi ba, a bari wutar ta mutu kafin barci, kada kuma a toshe mafitar hayaƙi da sunan riƙe ɗumi. A gwada zafin gadon da bayan hannu, domin fatar tsoho ba ta saurin jin ƙuna. A bar 'yar kafar iska a saman bango ko da yaushe.

Kafin ginin ya tashi kuma, tabarma biyu da buzu a ƙasa, safa a ƙafa, hula a ka, da galan na ruwan ɗumi da aka toshe sosai aka naɗe da zane aka ajiye wajen ƙafafunta, za su raba ta da kasko tun daga daren yau. Rigakafi dai ya fi magani.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, Allah Ya sa a gama gini lafiya, a shiga lafiya. Ka gai da Inna, ka gai da ɗalibinmu na Koriya. Sauran masu sauraro kuma, jakarmu a buɗe take, sai mun ji daga gare ku. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.